Python na cikin Ubuntu yana da mai shi

Ɗalibi ɗan Bangi ko ɗan Keita da ke koyon rubuta manhaja a Tawa ko Maraɗi, idan ya ɗora Ubuntu a kan tsohuwar kwamfutarsa, zai tarar da harshen Python a ciki, kyauta. Sai ya ɗauka nasa ne. Ba dominsa aka ajiye shi ba: Ubuntu ce ke gudanar da wasu ayyukanta da shi, kuma wanda ta fito da shi ranar farko, shi take riƙewa shekara da shekaru.

Ubuntu 22.04 ta zo da Python 3.10, ita kuwa 24.04 da 3.12. Tsakaninsu aka yi sauyi mai ciwo. A watan Oktoba na 2023 masu kula da Python suka cire distutils, tsohon kayan aikin harhaɗa manhaja, daga 3.12. Darasin da ya tafi daidai a kwamfutar malami sai ya cije a ta ɗalibi, yaro ya kwana yana laluben kuskuren da bai yi ba. Debian 12 ma, wani tsarin kwamfuta irin Ubuntu, tun Yunin 2023 ta hana pip, kayan aikin ɗora ƙarin manhajoji, zuba kaya kai tsaye cikin Python ɗinta, Ubuntu kuma haka tun daga 23.04. Wannan hanin daidai ne, ko da yana ba da haushi. Ba a kafa rumfa a kan harsashin gidan maƙwabci.

Kamfanin Apple ma ya yi nasa: a Maris na 2022 ya kwashe Python 2.7 daga macOS 12.3, shekara biyu bayan an daina kula da shi.

A Faransa, minti kaɗan ya isa a sauko da sabon Python. A Bangi kuwa, kowane saukowa kuɗin intanet ne daga aljihun uba manomi, ga wutar da ba ta da tabbas. Wani ɗalibin, don ɓacin rai, sai ya goge Python na asali, washegari kwamfuta ta ƙi nuna masa komai sai baƙin allo.

Saboda haka nauyin yana wuyan malamai. Su rubuta lambar Python a saman kowane darasi, su koyar da venv, wato keɓantaccen wurin aiki na Python, tun makon farko domin kowane aiki ya samu ɗakinsa, sannan su sauko da kayan sau ɗaya su raba wa aji.