Darasin Kalkulas: A Rubuta Sharuɗɗa Tun Makon Farko, Su Kuma Hau Kan Kowa

Duk ƙarshen zangon karatu akwai labarin da ke zagaya ofisoshin Sakatariyar Tarayya: ɗan wane ya faɗi lissafi, an ce sai ya maimaita. Uba ya biya kuɗin makaranta daga albashin da bai kai ƙarshen wata, uwa ta haɗa garin kwaki da yaji, yaro ya tafi da burin zama injiniya, sai ga darasi guda ya tsaya masa a maƙoshi. Sau da yawa wannan darasi shi ne MTH 102, wato kalkulas, wanda ɗaliban kimiyya da injiniyanci da kwamfuta ke ɗauka a zango na biyu na shekararsu ta farko. Abin da ke biyo baya sananne ne. Iyaye su zargi malami da mugunta, malami ya zargi yaran zamani da lalaci, ba wanda zai tambayi abin da aka gaya wa ɗalibin a ranar da ya fara shiga aji.

Amsar kuwa, a azuzuwa da yawa, ita ce ba a gaya masa komai a rubuce ba. Malami ya shigo, ya faɗi sunansa, ya juya ga allo. Yaushe za a yi gwaji, maki nawa ke kansa, wane littafi za a bi, me zai faru idan rashin lafiya ta hana ɗalibi zuwa, ko an yarda da kalkuleta a ɗakin jarrabawa, duk sai dai a ji a bakin wakilin aji ko a tsinta a zauren WhatsApp. Dokar da ba a rubuta ba tana hannun mai iko ne kaɗai, ya miƙe ta yau, ya naɗe ta gobe.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ya fi kowa sanin wannan. Tun 2004 aka kafa SERVICOM a kan tunani guda: kowace ma'aikata ta rubuta hidimar da take yi, da lokacin da za ta ɗauka, da inda za a kai koke, ta kafe a bango. Ko an bi ko ba a bi ba wata magana ce daban, amma aƙalla mai ƙorafi yana da abin da zai nuna da yatsa. A jami'o'in Amurka irin wannan takarda ce ake raba wa ɗalibai a ranar farko ta kowane darasi, ɗauke da ranakun gwaji, da rabon maki, da hukuncin satar amsa, da sa'o'in da malami zai zauna a ofis don masu tambaya. Shafi biyu ko uku ne. Ba ta bukatar kasafin kuɗi ko kwamiti.

Dalilin da ya sa kalkulas ya fi sauran darussa bukatar wannan takarda yana cikin yanayin darasin kansa. Ilimi ne na auna sauyi. Direban da ya ci kilomita 180 cikin awa 3 ya yi tafiyar kilomita 60 a kowace awa idan aka raba daidai, amma allurar gudun motarsa ba ta tsaya a kan 60 ba. Wani wuri ta haura 100, a shingen jami'an tsaro ta sauka ƙasa. Gano saurin abu a daidai ƙiftawar ido, shi ne rabin farko na darasin. Rabi na biyu shi ne akasin haka: tara ƙananan yanki marasa iyaka don a san jimla, kamar yawan ruwan da madatsar Usuma ke riƙe da shi alhali ƙasan tafkin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus ne suka tsara wannan ilimi a ƙarni na 17, kowa da hanyarsa. Leibniz ya wallafa nasa a 1684, alamominsa ne kuma ɗalibai ke rubutawa har yau. Ma'aikaci ma yana cin karo da shi ba tare da ya sani ba. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta ragu, shi kuma ya je kasuwar Wuse ya tarar shinkafa ta ƙara kuɗi, maganganun biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda: farashi na ci gaba da hawa, saurin hawan ne ya ragu.

Irin wannan ilimi gini ne na tubali a kan tubali. Wanda bai fahimci ma'anar iyaka a mako na biyu ba, ba zai gane saurin sauyi a mako na biyar ba, wanda kuma ya rasa wannan, tarawa za ta zame masa baƙin yare. A darasin tarihi ɗalibi zai iya tsallake babi ɗaya ya kama na gaba. A nan babu wannan rangwame.

Sai a dubi lokacin da aka ware. A sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, wanda aka fi sani da CCMAS, an ba MTH 102 awa 30 na lacca a zango, wato awa biyu a mako na tsawon mako 15. Cikin waɗannan sa'o'i ake son a koyar da iyaka, da dabarun gano saurin sauyi, da zana lanƙwasa, da tarawa, da lissafin faɗi da girman abu. Yawancin jami'o'i suna da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa. Wannan na nufin ɗalibi zai iya rasa awa bakwai da rabi, kusan mako huɗu, kuma doka ta ce bai yi laifi ba. Mako huɗu a kalkulas ya isa ya haɗiye harsashin darasin gaba ɗaya. Ya kamata takardar sharuɗɗa ta faɗa wa ɗalibi wannan ɓaro-ɓaro: kashi 75 izinin shiga ɗakin jarrabawa ne kawai, ba ya lamunce wa kowa cin ta.

Akwai kuma gaskiyar da malamai ke faɗa a ɗakin shan shayinsu amma ba sa faɗa wa aji. Yawancin waɗanda ke faɗuwa aljabara da lissafin kusurwoyi na sakandare ne ke kayar da su tun kafin a kai ga sabon abu. Ƙarin lissafin nan da ake kira Further Mathematics zaɓi ne a jarrabawar WAEC da NECO, makarantu da yawa ma ba su da malaminsa. Don haka a benci ɗaya za a sami wanda ya taɓa ganin kalkulas a makarantar kuɗi ta Maitama da wanda ya fito daga makarantar da malamin lissafi ɗaya ke riƙe da azuzuwa shida. Gwajin awon shiri na minti 30 a makon farko, wanda ba a sa makinsa a sakamako, zai nuna wa kowa inda yake tun da sauran lokacin gyara.

Abin da ya rataya a wuyan ɗalibi ba shi da daɗin ji, amma dole a rubuta shi. Ma'aunin da jami'o'in Amurka ke amfani da shi shi ne awa biyu na aiki a gida kan kowace awa ɗaya ta aji, kuma a lissafi wannan aikin da fensir ake yin sa. Kallon malami yana warware tambaya kamar kallon mai iyo ne daga bakin kogi. Yau manhajoji irin su Photomath da ChatGPT suna fitar da amsa mataki-mataki daga hoton tambaya, hana su kuma yaudarar kai ce, domin babu mai bin ɗalibi ɗakin kwanansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a fayyace: an yarda a duba aiki da su bayan an gwada da kai, ba a yarda a miƙa abin da suka rubuta a matsayin aikin gida ba, kuma mafi yawan makin tsakiyar zango zai fito ne daga gajerun gwaje-gwaje a cikin aji. Satar amsa kuwa tana da hukuncinta a dokokin kowace jami'a, har da kora, ga kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 da ta tanadi tara da ɗauri. Ɗan shekara 17 ya cancanci a karanta masa wannan kafin ya faɗa ciki.

Sai dai takardar da ta ɗaure ɗalibi ta bar malami sake ba yarjejeniya ba ce. Makin gwaje-gwajen tsakiyar zango yakan kai kashi 30 zuwa 40 na sakamako, amma ɗalibai da yawa ba sa ganin takardunsu bayan sun miƙa, wasu ma sai bayan jarrabawa suke jin makin. Amfanin gwaji shi ne mutum ya ga kuskurensa yana da sauran damar gyarawa. Saboda haka a rubuta cewa za a mayar da takardu cikin mako biyu, a kafe makin kowa kafin jarrabawa, a faɗi rana da sa'ar da malami zai kasance a ofis, a bayyana hanyar neman a sake duba takarda da abin da za a yi idan sakamako ya ɓata. A kuma rubuta cewa sayen littafin malami ko takardunsa na bugawa ba sharaɗin samun maki ba ne.

Malamai za su ce wannan mafarki ne, kuma suna da hujja. Mutum ɗaya a gaban ɗaruruwan ɗalibai, a ɗakin da lasifika ke aiki yau ta mutu gobe, ba zai iya duba aikin gida kowane mako ba. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar kalandar da aka yi ta matse zanguna don a cike giɓi, mako 15 na takarda ya koma ƙasa da haka a aikace. Wannan nauyi na hukumomin jami'a ne da gwamnati, kuma masu rubuta takardun shawara ga ministoci da 'yan majalisa suna iya tura shi gaba. Maganinsa ma an gwada shi. Uri Treisman, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley cikin shekarun 1970, ya bibiyi ɗaliban kalkulas ya gano cewa waɗanda ke faɗuwa galibi su kaɗai suke karatu, masu nasara kuwa suna zama rukuni suna gyara wa juna. Ya kafa ƙananan zaman warware tambayoyi masu wuya, sakamakon ya sauya, jami'o'i da dama suka kwaikwaya. Ɗaliban digiri na biyu da na uku suna nan a sassan lissafi da dama. Alawus kaɗan zai sa su jagoranci rukunin mutum 30 sau ɗaya a mako. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali, nan cikin Babban Birnin Tarayya, tana iya horar da su.

Saura sharaɗi ɗaya, wanda ya shafi iyaye da hadiman manya. Idan sakamako ya fito, wayar malamin lissafi takan cika da kira daga Abuja: yaron oga ne, a taimaka, maki biyar kacal ya rage. Malamin da ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ba shi da abin fakewa, ko dai ya karya ta ko ya sayi gaba da wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda kuwa aka ɗaga da alfarma zai tarar da lissafin injiniyanci yana jiransa a shekara ta biyu, a kan harsashin da bai gina ba, daga baya kuma a ba shi zanen gada ya sa hannu. Uban da ke son taimakon ɗansa yana da tambayoyin da suka fi kiran waya amfani, kuma lokacinsu shi ne mako na uku na zango: an ba ku takardar sharuɗɗan darasin, yaushe ne gwajin farko, nawa ka samu, kuma da wa kake zama kuna warware tambayoyi?