Wasiƙar Dareta: Yadda Gusau Ta Zama Babban Birnin Zamfara

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake dawowa cikin ɗan filin nan da ka saba ba ni, Allah ya saka maka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani almajirina ne ya yi mini tambaya a gaban jama'a. Ya ce, "Malam, Allah ya gafarta maka, ga Sarkin Zamfara yana zaune a Anka, nan kusa da mu. To, yaya aka yi babban birnin Jihar Zamfara ya zama Gusau, alhali kuwa sarkin can Sarkin Katsina a ke ce masa?" Yara suka yi dariya, amma ni ban yi ba, domin na san akwai manya masu gemu da ba za su iya amsa ta ba. Saboda haka na ga ya kyautu in rubuta amsar a nan, ko wani malamin zai amfana in an yi masa irinta.

Da farko sai mu san cewa sarautar Zamfara ta daɗe ƙwarai, kuma ba wuri guda ta zauna ba. Masu tarihi sun ce a Dutsi aka fara ta, can ƙasar Zurmi. Daga nan sarakuna suka gina Birnin Zamfara, wanda kufansa ya ke kusa da Isa, cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. Birni ne mai ganuwa da kasuwa da malamai, fatake suna zuwa masa daga ko'ina. Ana nan sai Gobirawa suka gangaro daga arewa, aka karɓe su baƙunci, aka ba su wurin zama. Da suka yi ƙarfi sai baƙo ya juya wa mai gida. Cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Gobirawa suka mai da Alƙalawa, nan kusa da shi, ta zama birninsu. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura, yau suna Kiyawa, gobe suna wani wuri, har suka zauna Sabon Gari ta wajen Bakura. A wannan Sabon Gari ne jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi zango a shekarar 1805, kafin su wuce Gwandu. Ita Alƙalawa kuwa ba ta daɗe ba, a 1808 mayaƙan jihadi suka ci ta. Bayan ƙura ta lafa sai gidan sarautar Zamfara ya tabbata a Anka, a bakin Gulbin Zamfara, inda ya ke har yau.

Gusau kuwa asalinta dabam ne. Ƙasar da ta ke ciki, a da can, tana cikin mulkin Katsina, yankin da a ke kira Katsinar Laka. Babban gari a wannan yanki shi ne 'Yandoto, garin malamai wanda ya yi suna wajen ilmi tun kafin jihadi. Da malaman 'Yandoto suka ƙi bin Shehu, Muhammadu Bello ya ci garin. Wani almajirin Shehu, Malam Sambo ɗan Ashafa, shi ne ya kafa Gusau a bakin Gulbin Sakkwato cikin farkon ƙarni na 19. Da ya ke ƙasar Katsina ce aka ba shi ya riƙe, sai sarautar gidansa ta zama Sarkin Katsinan Gusau. Kun ji dalilin sunan ke nan. Irin wannan kuwa ba a Gusau kaɗai ya ke ba. Ku duba, na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum Sarkin Danko, na Ƙaura Namoda Sarkin Kiyawa, na Bakura Sarkin Burmi. Kowace sarauta tana riƙe da sunan wata ƙasa ko wata jama'a ta dā, wanda ya bi diddiginsu zai sha tarihi.

To, me ya ɗaga Gusau bisa sauran garuruwan nan? In an tambaye ni, sai in ce abu biyu ne, wurin zamanta da kuma jirgin ƙasa.

Wanda duk ya taɓa tafiya can ya san ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, fili fetal har iyakar ganin ido, sai kuka da tsamiya da ɗorawa jefi-jefi cikin gonaki. Nan da can kuma sai ka ga wani dutse ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili, babbansu shi ne na Kwatarkwashi, gabas da garin, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa. Damina takan kama daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, bayanta kaka da hunturu, sa'an nan bazara mai tsananin zafi. Ƙasar tana karɓar gero da dawa da wake, tana kuma karɓar auduga da gyaɗa da taba. Ga gulbi a gefen gari don sha da noman rani. Garin kuma ya faɗo a kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Zariya, mai zuwa daga yamma ko daga gabas ba shi da makawa sai ya ratsa ta.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, duk garuruwan nan namu suka shiga Lardin Sakkwato, sarakunansu suka zama hakimai ƙarƙashin En'e ta Sarkin Musulmi. A sa'an nan Gusau ba ta fi 'yan'uwanta da wani abin kirki ba. Amma Turawa auduga da gyaɗa su ke so, don masaƙun Ingila da injunan mai, kuma jaki da raƙumi ba su isa su kwashe abin da su ke bukata ba. Sai suka ja hanyar jirgi daga Zariya, tafiyar da ta ɗara mil 100, ta iso Gusau a 1927, ta ƙarasa Ƙaura Namoda a 1929. Daga ranar da jirgi ya yi kuka a tashar Gusau al'amarin garin ya sake. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da ma'aunai, aka kafa injin gurzar auduga, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka zo neman abinci, aka yi Sabon Gari da Tudun Wada a bayan tsohon gari. Manomin ƙasar Anka ya noma audugarsa, amma a Gusau za a gurje ta a ɗaure, can ne kuma kuɗinta za su kwana. Bayan samun mulkin kai, cikin shekarun 1960, aka ƙara mata masaƙa babba da injin matsar mai. Masaƙar nan ta ci da dubban mutane a zamaninta, ko da ya ke daga baya ta durƙushe kamar 'yan'uwanta na Kaduna da Kano.

Kada wani ya ga kamar mu kaɗai wannan abu ya sama. Turawa sun tashi helkwatar Arewa daga Zungeru suka kai ta Kaduna a 1917. Faransawa sun ɗauke ta Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, alhali Damagaram ce mai tsohuwar sarauta. Nijeriya ma ta bar Ikko ta koma Abuja a watan Disamba na 1991. Har can ƙasar Kanada, inda su ke da fili shimfiɗaɗɗe irin namu sai dai nasu da ƙanƙara, akwai wani birni Rijaina wanda bai zama kome ba sai da hanyar jirgi ta iso shi a 1882, ga shi a 1905 ya zama babban birnin lardinsa. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mulki yakan bi hanya da kasuwa, inda suka karkata nan ya ke sauka.

Saboda haka da gwamnatin Janar Sani Abaca ta yanke Jihar Zamfara daga ta Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, da ƙananan hukumomi 14, Gusau ce ta fi kowane gari jama'a da gine-gine da hanyoyi, sai aka ba ta helkwata. Jihar ta ɗauki sunan tsohuwar daula, Sarkin Zamfara na Anka aka ba shi shugabancin majalisar sarakuna, ofisoshi kuwa suka zauna Gusau. A nan ne Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shelar shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a watan Janairu na 2000, sunan garin ya zaga duniya. A 2013 kuma aka kafa mata jami'ar gwamnatin tarayya.

Halin garin kuwa, ni dai abin da na gani ke nan. Gusau gari ne na kasuwa kafin ya zama na mulki, har yanzu kuma ɗabi'ar 'yan kasuwa ce ta rinjaya a cikinsa. Ba su ƙyamar baƙo, domin yawancinsu kakanninsu baƙi ne da jirgi ya kawo. Za ka ji Zamfarci da Katsinanci da Sakkwatanci a rumfa guda, ga Bafillace ya kawo nono, ga Bayarabe a shagonsa yana Hausa kamar a nan aka yanke cibiyarsa. Suna da son karatu da zuwa wa'azi. Aibinsu guda, wanda ba nasu ne su kaɗai ba, na kowane babban birni ne: dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba.

A nan ne na ke roƙon masu karatu su ƙara ba ni hankalinsu, don abin da ya fi damuna ke nan. Mu mutanen Dareta mun san abin da nisa da helkwata ke jawowa. A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a garinmu da Abare da Sunke da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Yaro ya kama amai da sanƙarewa, kwana kaɗan sai a kai shi makwanci. Ashe duwatsun zinariya ne da a ke kawowa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa, akwai dalma mai yawa a cikinsu. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki, gubar ta shiga jininsu. Ba a gane ba sai a watan Maris na wannan shekara, da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Sama da yara 400 suka rasu a yankin. An kankare ƙasar gidajen Dareta da 'Yargalma a cikin shekarar aka zuba sabuwa, aka yi wa yara magani a Anka da Bukkuyum, amma Bagega sai 2013 aikin ya kai gare ta. Da akwai mai kai labari da mai karɓarsa da wuri, da an ceci da yawa daga cikinsu, ko da ya ke kowa da ajalinsa. Bayan wannan kuma ga masifar ɓarayin daji, wadda ta sa hanyar da mu ke bi ta Anka zuwa Mayanci, mu ratsa Maru da Bunguɗu mu shiga Gusau, ta zama abar da mutum ke yi wa addu'a kafin ya hau mota.

Ni kaina na taɓa yin wannan tafiya don wata takarda da ta shafi makarantarmu. Na yi sammako, na biya kuɗin mota da abin da na yi tanadi, na isa wani ofis bayan azahar. Akawun da na tarar bai ko ɗaga kai ya dube ni ba, ya ce in dawo jibi, mai sa hannu ba ya nan. Na ce masa daga Dareta na ke. Ya ce, "Ina ne kuma Dareta?" Ban ji haushinsa ba, yaro ne, a birni aka haife shi. Amma na kwana ina tunani, mutumin da aka ɗauka aiki don ya yi wa jiha hidima bai san garin da duniya duk ta ji sunansa saboda mutuwar 'ya'yansa ba.

Don haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan'uwana malaman makaranta, na birni da na ƙauye: ku koya wa yara taswirar jiharsu, su san gulaben Zamfara da Ka da Sakkwato, su san inda kowace ƙaramar hukuma ta ke da abin da ta ke nomawa. Na biyu ga akawuna da ma'aikatan helkwata: in baƙauye ya tsaya gabanku, ku fara tambayarsa daga ina ya taso, in ya zo daga nesa ku sallame shi a ranar in da hali, don "dawo jibi" a wurinku kalma biyu ce, a wurinsa kuwa kuɗin buhun gero ne da kasadar rai a hanya. Na uku ga manya masu iko: a riƙa fita rangadi kamar yadda a ke yi a dā, a kwana a ƙauye, a ji kukan talakawa daga bakinsu, gani ya kori ji.

Mu kuma mutanen yamma kada mu riƙe Gusau da hassada. Tamu ce, da audugar kakanninmu aka gina ta, 'ya'yanmu suna karatu a cikinta, marasa lafiyarmu can a ke kai su, waɗanda tashin hankali ya kora kuma da yawa can suka sami mafaka. Birnin Zamfara da Alƙalawa sun fi ta ganuwa da dawaki, ga su yau sun zama kufai ana noma a kansu. Abin da ke tsare birni shi ne adalci ga ƙauyukan da ke ci da shi.

Almajirin nan nawa na karanta masa wannan takarda kafin in aiko ta. Ya ce ya gamsu, sai dai yana so wata rana a kai su su ga kufan Birnin Zamfara da idonsu. Na ce masa in Allah ya kawo zaman lafiya a hanya za mu je. In akwai wani malami a ƙasar Isa ko Sabon Birni da ya san halin da kufan ya ke ciki yanzu, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru.

Allah ya jiƙan yaranmu da suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin. Wassalam.

Ni ne naku,
Wani Malamin Makaranta,
Dareta, ƙasar Anka.