Wanda Ya Ga Jidda Bai Gama Ganin Ƙasar Larabawa Ba

Al'ada ce ta alhazanmu, idan Allah Ya dawo da su gida lafiya, jama'a suka cika zaure ana kurɓar zamzam ana rabon dabino, sai ka ji mutum yana yanke wa Larabawa hukunci ɗungurungum, halinsu kaza, ƙasarsu kuwa ba kome sai dutse da rairayi, alhali iyakar abin da idonsa ya gani bai wuce Jidda da Makka da Madina ba, su ɗin ma a kwanakin da cunkoso ya hana kowa sakewa. A ganina akwai gaggawa cikin wannan hukunci, domin ƙasar Saudiyya gaɓa biyu gare ta, ɗaya a Bahar Maliya, ɗaya a Tekun Fasha, tsakaninsu tafiyar fiye da kilomita 1,200, kuma kowace da irin halittar da Ubangiji Ya yi mata.

Gaɓar yamma, wadda muka fi sani, tana bakin teku mai zurfi ƙwarai, wanda a wasu wurare ya haura mita 2,000. Bayan siririn filin Tihama sai duwatsun Sarawat su miƙe, har a kusa da Abha su kai wajen mita 3,000, su tare gizagizai, shi ya sa lardin Asir yake samun ruwan saman da sauran ƙasar ke nema ido rufe, mutanensa suna noma a gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni. A gangaren Jizan kuwa dawa da gero da riɗi ake shukawa, tsofaffin ɗakunansu na ciyawa kewayayyu ne, da Bahaushe zai gan su da ya yi zaton wani ƙauyen ƙasarsu ya shiga.

Ita Jidda, tun da Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mai da ita mashigar Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, fuskarta na kallon Masar da Sudan da Habasha, ƙofarta kuma a buɗe take ga kowane baƙon Allah. Tsofaffin gidajenta da dutsen murjani aka gina su, aka yi musu tagogin katako masu raga domin iska ta shiga ba tare da an ga matan gida ba. Mutanen Jawa da Buhara da Hindu da Hadaramaut sun zo aikin Hajji sun zauna, haka kakanninmu da suka taka a ƙasa ta Cadi da Sudan, suka ƙetare daga Sawakin, zuriyarsu ta zama Takari. Saboda haka ɗan kasuwar da alhaji ya yi cinikin darduma da shi har ransa ya ɓaci, mai yiwuwa ne asalinsa ba Balarabe ba ne sam.

Gabas kuwa wata duniya ce. Tekunta ba shi da zurfi, da ƙyar ya kai mita 100, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai fadamun gishiri, da bazara gumi ya hana barci, da sanyi iskar arewa ta taso da ƙura daga wajen Iraƙi. Ruwan sama kaɗan ne, amma Allah Ya ɓoye musu nasu a ƙarƙashin ƙasa: idanun ruwan Ahsa'u suna shayar da itatuwan dabino fiye da miliyan 2, har da wata jar shinkafa ake nomawa a wurin. A da, mazan bakin tekun nan masu nutso ne don neman lu'ulu'u, mutum ya matse hancinsa, ya taka dutse mai igiya ya nitse, wata huɗu cur yana cikin jirgi, sau da yawa ya dawo da bashin mai jirgi a wuyansa. Kasuwarsu Basra ce da Farisa da Bombai. Da Japanawa suka ƙware wajen kiwon lu'ulu'u sai sana'ar ta durƙushe, ana cikin wannan ƙunci aka haƙo man fetur a rijiya ta 7 ta Dammam a 1938, yawancin arzikin daular ya koma fitowa daga gefen da alhazanmu ba su taka ba.

Kada kuma a ɗauka gabas ba ta da rabo a tarihin addini. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa bayan masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin da aka fara tsai da Juma'a shi ne masallacin ƙabilar Abdul Ƙais a Juwasa, nan cikin Ahsa'u. Ina ɗaliban ilminmu nawa ne suka karanta wannan hadisi suka san inda garin yake?

Don haka nake roƙon malaman bita da na makarantu su riƙa shimfiɗa wa almajiransu taswirar ƙasar gaba ɗaya, wanda kuma Allah Ya hore wa guzuri, takardarsa ta ba shi izni, idan ya sauke Umura ya daure ya leƙa gabas. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Riyad zuwa Dammam yana tsayawa a Hufuf, babban birnin Ahsa'u, daga nan zuwa Juwasa ba nisa.