Hayaƙin Salansa da Ciyawar Daji



Duk mai yin sammako daga Zongo zuwa karar shanu ta Adetikope ya san yadda hanyar take: babura kamar fari, tireloli a jere, hayaƙi har ido na yaji. Mun saba da shi har mun daina ganinsa, alhali kuwa yana da lissafi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin iskar da masana ke kira kabon wajen kilo 2.3, ta gas kuwa kusan kilo 2.7. Wannan iska a sama take taruwa ta riƙe zafin rana kamar bargo, zafin kuma shi ke rikita damina. Makiyayi ba ya bukatar a yi masa bayanin rikicewar damina, domin dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da masu garke suka koma gida da sanda kaɗai.

Mu ɗauki tirelar da ta ɗauko shanu daga Sinkase zuwa Lome, tafiyar sama da kilomita 600. In ta sha lita 250 na gas, ta saki kilo 675 na wannan iska, wato ya fi nauyin bijimai biyu. In kuma wayam ta hau arewa don ɗauko su, wancan man an ƙone shi ke nan ba kaya ba riba.

Wani zai ce, ai Turai da Amurka da Sin su suka ɓata sama, me ya kai talaka? Gaskiya ne, Afirka baki ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma wajibi ne manyan ƙasashe su cika alkawarin da aka ƙulla a Faris a 2015. Amma fa hayaƙin hanyar Zongo ƙirjin 'ya'yanmu yake shiga, kuma kowane hayaƙi mai ne da aka saya da kuɗi. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man kwalba na bakin titi ya daina araha. Ashe wanda ya rage hayaƙi ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ga abin da nake gani. Na farko, ranar kasuwa kada mutum huɗu daga layi ɗaya su tashi babur huɗu. A haɗu a mota ɗaya, ko a shiga bas ɗin SOTRAL. Na biyu, direba ya kashe inji yayin lodi da sauke dabbobi, ya bar al'adar barin mota tana ruri shi yana shan shayi. Na uku, a riƙa leƙa mai faci da bakanike, domin taya maras iska da baƙin mai da ya daɗe su ke sa mota zarin mai. Na huɗu, abin da waya za ta gama tsakanin dillali da mai shanu, kada a tashi babur dominsa. Matasanmu masu zemijan kuma su gwada lissafin babur mai lantarki irin na Spiro, wanda batiri ake sauya masa.

Babban aikin kuwa na ƙungiya ne: a buɗe littafi a kara, duk motar da za ta hau arewa a rubuta ranar tashinta, mai gishiri ko dusa ko siminti ya samu wurin lodi. Kuɗin mota zai sauka, mai shanu ya ji sauƙi. Ina roƙon sarakunan kara da shugabannin direbobi su zo da amsarsu a taro mai zuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.