Bukkar da Muka Raina, Yau Kuɗi Muke Biya Mu Kwana a Cikinta

Wani abokina ne ya matsa min lamba mu je mu huta a ƙarshen mako, a wani masauki da ke bakin rafi, tafiyar awa biyu daga Kaduna. Tun a mota yake zuba min tallar wurin: ɗakuna na ƙasa, rufin jinka, wutar sola, ruwan randa, komai an tsara shi don kada a cutar da muhalli. Da muka isa aka buɗe mana ɗaki, sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ɗakin kakata ne sak, har da tabarmar kaba da tulu a kusurwa. Kuɗin kwana biyu a cikinsa ya haura Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi barci mai daɗi. Da tsakar rana ɗakin na da sanyi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, da asuba kuma kukan tsuntsaye ne ya tashe ni, babu rurin janareta. Hutun ba shi da laifi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne munafuncinmu, mu 'yan birni.

Shekara nawa muka yi muna koya wa kanmu cewa ginin ƙasa alamar talauci ne? Saurayi ya je neman aure, a bincika a dawo a ce "ai gidansu na ƙasa ne", kamar an gano wani abin kunya a zuri'arsa. Wanda Allah ya buɗa wa, aikinsa na farko shi ne ya rushe soron mahaifinsa, ya dasa bulo, ya rufe da kwano. Watan Afrilu na zuwa ɗakin ya koma tanda, ya shiga neman fanka, fanka ta nemi wuta, wuta ta nemi janareta da fetur. Bayan duk wannan wahala, shi ne zai kwashi iyali ranar Juma'a ya je ya biya kuɗi don ya ɗanɗani sanyin da ya rushe da hannunsa, ya jingina da bangon ƙasa ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram.

Alhali magabatanmu ba su yi ginin ƙasa don rashin dabara ba. Bango mai kauri na tubali yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi. Makuba tana kare bango daga ruwa, indararo yana jefa ruwan sama nesa da tushe. Da irin wannan ilimi Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da ɗaurin gugan da masana gini na duniya suka riƙa zuwa kallo. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ta ƙasa ce. A garin Dandaji na jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da bulon ƙasa a 2018, suka mai da tsohon ɗakin karatu. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, kuma sunansa ya fara fita ne da makarantar firamaren da ya gina da yumɓu a ƙauyensu Gando. Duniya na ba mutane lambar yabo a kan abin da muke jin kunyarsa. Simintin da muke tinƙaho da shi kuwa, masana'antarsa ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Za a ce min ginin ƙasa na faɗuwa da damina. Gaskiya ne, yana faɗuwa, idan an gina shi ba tushe, ko a kan hanyar ruwa, ko an daina yi masa yaɓe. Masu masaukin nan sun san maganin wannan, shi ya sa nasu ɗakunan ke tsaye: tushen dutse, jinka mai faɗi da ta rufe bango, da magini da ake biya ya duba duk shekara. Me ya hana wannan sani ya isa ga talakan da ke bayan shingensu?

Shingen nan shi ne abu na biyu da ya ɓata min rai. Safiyar Asabar na zaga bayan masaukin, na tarar an ja waya har cikin ruwa. Wani dattijo da ke gyaran komarsa ya ce min nan ne mashigin garinsu tun yana yaro: nan mata ke wanki, nan shanu ke shan ruwa, nan ake ɗaure kwalekwale. Yanzu sai sun zagaya can ƙasa, inda gaɓar ke da santsi. Ba wanda ya nemi shawarar mai unguwa ko sarkin ruwa. Takarda aka zo da ita daga birni, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma mai hanyar shiga ofis shi ke fitowa da sa hannu. Wane irin son muhalli ne wannan, da ke ƙaunar kogi amma ya kori mutanen kogi? Su da suka yi shekaru aru-aru a bakin ruwan ba su kashe shi ba. Wanda ke son ya ga yadda ake kashe kogi, ya je Kano ya dubi abin da dattin masana'antun jima ya yi wa Challawa. Wannan aikinmu ne, mu masu zuwa hutu.

Na san amsar masu wurin: sun samar wa yaran ƙauye aiki. Ƙwarai, na ga aikin. Su ne masu gadi, masu shara, masu ɗauko itacen gasa mana kifi. Ban ga ɗan ƙauyen a teburin karɓar kuɗi ba. Gina irin ɗakin ubansa aka yi, aka sa shi share shi, ribar kuma ta bi mota ta koma birni.

Ban ce kowa ya fasa zuwa hutu ba. Je ka, ka huta, jiki na da haƙƙi. Amma kafin ka tura kuɗi, ka yi tambaya kamar mai sayen gona. Ina ruwan bayan gida yake zuwa, rami ko rafi? Ina ake kai robobin da baƙi suka sha? An bar wa mutanen gari mashiginsu? Su wa suka yi ginin, nawa aka biya su? Kifin da za a gasa min, a hannun wa aka saya? Wanda ya kasa amsa waɗannan, jinka kawai yake sayarwa, ya daina fakewa da sunan muhalli.

Idan kuma ka dawo gida ranar Lahadi, ka tuna da sanyin da ka kwana a ciki. Ranar da za ka fitar da harsashin gidanka, ka kira maginin gargajiya ya zauna da injiniyanka, tun kafin tsofaffin da suka iya ɗaurin guga su ƙare. Soron kakanka da kake shirin rushewa bayan Sallah, ka nemo masa mai yaɓe.