A Shawarci Mai Tarin Fuka Game Da Maganinsa

Jama'ar Shanga da Yauri da Ngaski, musamman mazauna bakin tafkin Kainji inda hayaƙin bandar kifi ke ƙara wa huhu wahala, ga wata magana da ta kamata mu duba.

In tarin fuka ya ci jikin dattijo, masu jinya sukan rabu biyu. Waɗansu su daka ƙwayoyi su zuba masa a kunu a ɓoye. Waɗansu kuwa, da sun ga fitsarinsa ya yi ja, sai tsoro ya kama su, su ɗauke maganin ba da saninsa ba. Duka biyu kuskure ne. Jan fitsarin nan aikin ƙwayar rifamfisin ne, ba jini ba ne. Maganin kuma kyauta gwamnati ke bayarwa, wata 6 ake sha ba fashi. Wanda ya yanke a tsakiya, cutar tana iya komowa ta gagari maganin farko, ta kuma kama 'ya'ya da jikoki.

To, amma mai ciwo ba yaro ba ne. In ya ce ya gaji, a tambaye shi dalili: amai ne, ko yunwa, ko kuɗin jirgi zuwa asibitin Yelwa? A kai kukansa wurin likita, a gaya masa gaskiya, a roƙe shi don iyalinsa. Wanda aka shawarta shi ke cika wata shidan nan.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.