Wasiƙa Zuwa ga Marubutan Littattafan Yaƙi, Game da Ƙasar Mayaƙa da Kuke Ƙagawa

Daga Wudil, Jihar Kano.

 

Na rubuto muku wannan wasiƙa ne, ku 'yan'uwana masu wallafa littattafan yaƙi da jarumta waɗanda ake saye a kasuwa, ana kuma sauraron karatunsu a rediyo da wayar hannu, tare da ku samari masu shirya wasannin kwamfuta irin waɗanda ɗan wasa yake shiga rigar wani jarumi ya ratsa duniyar da aka ƙaga masa, saboda na ga sana'arku ɗaya ce ko da kayan aikinku sun bambanta, wato gina ƙasar da babu ita har mai karatu ya ji kamar ya taɓa kwana a cikinta. Sana'a ce mai asali a wajenmu, domin tun gasar ƙaga labarai da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi Ganɗoki na Malam Bello Kagara, har zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951, har zuwa littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini da takwarorinsa na wannan zamani, Bahaushe bai taɓa gajiya da labarin takobi da aljani ba.

Abin da ya dame ni kuwa shi ne, sau da yawa idan ɗayanku ya tashi siffanta wata daula ta mayaƙa, sai ya ce mana mutanenta kaf sadaukai ne, yaro yana tasowa ana miƙa masa kansakali, sarkinsu yana fita da dakaru dubu ɗari tara a kan ingarmu, su yi tafiyar wata uku cikin hamada ba tare da an ambaci rijiya ko rumbu ba. Ni kuwa da na kai nan sai in ajiye littafin in tambayi kaina, to wa ya noma hatsin da waɗannan mutane suka ci da safe? Ba ina ƙyamar mubalaga ba ne, domin labarin jarumta ba ya daɗi sai da ita, kuma na yarda jarumi ya sare kan dodo mai kai bakwai. Amma mu'ujizar labari tana ƙara girma ne idan ƙasar da ta faru a kanta tabbatacciya ce, mai damina da rani, mai talakawa da kasuwa.

Ku dubi barde guda ɗaya na zamanin da, ku ƙirga mutanen da ke bayansa. Dokinsa yana bukatar dawa da dusa da harawa da kanwa kullum, yana bukatar yaron da zai yanko masa ciyawa da zagin da zai riƙe masa linzami. Takobinsa da mashinsa da ƙaimi aikin maƙeri ne, wanda shi ma yana jiran mai narka tama da mai toya gawayi. Sirdi da kube da garkuwa sun ratsa hannun majemi da baduku. Lifidin da ke kare shi da dokinsa daga kibiya kuwa, maɗinki ne ya cusa shi da audugar rimi, kuma saboda nauyinsa da zafinsa ba a ɗaura shi sai an kusa fagen fama, ga shi idan kibiya mai wuta ta same shi ya kama ci. Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, wato abin da muke gani yau a hawan salla yana da ranar da ya zo da hanyar fataucin da ta kawo shi. Saboda haka fadar da take yaƙi ba ta rasa Madaki mai jagorar mahaya, da Shamaki mai kula da bargar dawaki, da Sarkin Maƙera, da ma'aji mai lissafin ganima da fitar da humusi. Marubucin da ya san wannan ya sami taurari goma inda da yake da ɗaya, kuma ya sami dalilin rikici mai ma'ana, domin ranar da maƙera suka yi fushi da sarki, ko fari ya cinye harawa, ƙasar sadaukai ta shiga uku ba tare da wani matsafi ya ɗaga hannu ba.

Mu mutanen Wudil muna da malami a kan wannan babi, shi ne koginmu, wanda ya tattaro ruwan Kogin Kano da na Challawa ya nufi Haɗejiya. Yau mota tana haye gada cikin ƙiftawar ido, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 halin ruwan ya sauya. Amma kafin haka, idan ya cika ya batse da damina, sarki da rundunarsa ba su da abin yi face su nemi alfarmar masu fito da masunta, ko su jira ya janye. Wannan, haɗe da cewa yawancin dakaru da 'yan baka manoma ne waɗanda ba za su bar gona lokacin noma ba, shi ya sa yaƙin ƙasar Hausa yawanci na rani ne, bayan an yi kaka an cika rumbuna. Haka kuma mahayan arewa sun san iyakarsu ta kudu, inda ƙudan tsando yake kashe dawaki. Ku sa wa ƙasarku kogi guda mai irin wannan hali, ku ga yadda zai tilasta wa sarkinku yin haƙuri da shawara da sulhu, abubuwan da takobi kaɗai ba ya koyarwa.

In kuna son misali na al'ummar da ta rayu a kan yaƙi, ba sai kun tafi Birnin Sin ko Ƙasar Rum ba, ga Ningi nan kudu maso gabas da mu. Wajen shekarar 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsu, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin, har suka zama ƙarfin da ya hana kudancin Kano da ƙasar Bauci barci shekaru masu yawa, ya kuma shagaltar da Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da tsaron iyaka da ƙarfafa ribaɗoɗi. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, ba a haife su mayaƙa ba, akwai ƙorafin da ya fitar da su daga gida. Na biyu, duwatsu ne suka zama musu ganuwa, domin doki mai lifidi da yake abin tsoro a fili ba shi da kataɓus a tsakanin ƙoramu da tsaunuka. Duk daular da kuka ƙaga, ku tambaye ta me ya sa ta ɗauki makami tun farko, kuma wace irin ƙasa ce ta koya mata salon faɗanta.

Sa'an nan ku ba daular tsufa. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai na mutanen da wahala ta horar, ita ce take kafa mulki, kuma ni'imar birni ita ce take narkar da ita cikin 'yan tsararraki kaɗan. Daular Kwararrafa ta shiga birnin Kano da yaƙi fiye da sau ɗaya, amma yau masana suna ta bahasi a kan ainihin yadda tsarinta yake. Daular da ba ta da jikokin da suka fi son alkyabba da sulke ba daula ba ce, hoto ne kawai.

Akwai kuma wani al'amari wanda ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, shi ne yadda ake zubar da jinin dubbai a shafi guda ba tare da an ba ko ɗaya daga cikinsu suna ko uwa ba. Yaranmu ne suke karanta waɗannan littattafai, a lokacin da ƙasarmu take fama da masu ɗauke da makamai a dazuka, kuma bai dace su tashi da zaton cewa kisa ado ne ba. Shari'a ta sa wa yaƙi haddi: wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya da halaka dabbobi ba bisa bukata ba. Kakanninmu na wannan yanki sun ga Yaƙin Basasa na Kano daga 1893 zuwa 1895, sa'ad da ɓangaren Yusufawa suka yi sansani a Takai, 'yan'uwa suka fuskanci juna, kuma abin da ya fi zama a bakin tsofaffi shi ne gudun hijira da garuruwan da aka watse. Ku nuna mana bazawarar da ta rage, da bawan da aka kamo a hari, da alƙalin da ya ƙi sa hannu a kan zalunci. Jaruminku ba zai ragu da haka ba.

Ku kuma masu shirya wasa, shawarata ita ce ku bar ɗan wasa ya zaɓi zama mai fito ko maƙeri ko ɗan leƙen asiri ko jakadan sulhu, ku sa guzuri da ruwa da lafiyar doki cikin abin da zai lissafa kafin ya fita, ku kuma ɗebo sunaye da kaɗe-kaɗe daga gida, tambari da kakaki da kuge da kirari, maimakon aron na waɗansu. Wanda yake son ya ga yadda dukiyar da ke ciyar da runduna take motsi, ya zo karar shanu ta Wudil ranar Juma'a da littafinsa, ya zauna kusa da dillalai ya saurara.

Allah ya ƙara wa alƙalaminku albarka, ya sa abin da kuke rubutawa ya amfani na baya. Wassalam.

Naku,
Wani makarancin littattafanku, daga Wudil.